Tsawon wayar eriya: a yanka daidai buƙata

'Yan'uwa masu haɗa eriya, in eriyarku ta dace da ohm 50, wato ma'aunin da rediyon ke aiki da shi, wayar coax da ke haɗa rediyo da eriya ba ta da wani tsawo na musamman. A auna daga rediyo zuwa eriya, a ƙara mita biyu saboda lanƙwasa, shi ke nan. Sauran asara ce. Wayar coax nau'in RG-58 mai mita 30 a kan 144 MHz tana cinye fiye da rabin ƙarfin da kuka tura, alhali a 7 MHz kaɗan take ci. In nisan ya yi yawa, gara nau'in RG-213, tsadarta ba ta banza ba ce.

In kuma SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da waya, yana sauyawa sosai duk sanda kuka rage wayar, galibi wuta ce ke bin jikin wayar ta waje. Ku sa balun, na'urar da ke tare wannan wutar, a gindin eriya kafin ku sake yanka komai.