Babi na 7: Ƙara girman ƙaramin hoto ba tare da ya fashe ba

Darasi na 1

Kowa ya fito da wayarsa, ya buɗe hoto ɗaya, kowanne ne. Ɗora babban yatsa da manuni a kan allon wayar, ka ware su a hankali. Hoton ya matso. Ƙara warewa. Fuskar ta fara dishi-dishi, ko ba haka ba? Ba idonka ba ne, Baba, kuma wayar ba ta lalace ba.

Da ƙananan ɗigogi ake haɗa kowane hoto, ana kiransu fiksel. Idan ka ga an rubuta 640 x 480, alamar da ke tsakiya "sau" ake karanta ta: ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye. Iyakar abin da hoton ya mallaka ke nan. Jan shi ya yi girma kamar ƙara ruwa ne a kunu, kwaryar za ta cika amma geron bai ƙaru ba.

Mai wanke hoto yana son ɗigo 300 a kowane inci, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Don haka hoto mai 640 x 480 ba zai fita garau ba in ya wuce kamar santimita 5 da 4. Hoton da ake sa wa a albam, mai santimita 10 da 15, yana son wajen 1200 x 1800. Cikakkiyar takardar A4 tana son 2480 x 3508. Ku kwafe lambobin nan a bayan littafinku, za mu dawo kansu.

Darasi na 2

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe. Kada kowa ya ji kunya.

Idan ka nemi hoto a Google, misali hoton keken ɗinki da za ka sa a allon shagonka a Babbar Kasuwa, hotuna da yawa za su jeru ƙanana ƙanana. Waɗannan samfuri ne kawai, na nuni. Babban yana bayansu. Kada ka sauke samfurin.

Dangwala hoton sau ɗaya, ka ɗage yatsa. Zai buɗe. Yanzu jira. Da fari zai zo dishi-dishi, domin babban yana kan hanya, in layin ba ƙarfi kuma zai ɗan jima. Ka jira har gefen hoton ya fito fes. Sannan ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe, kada ka ɗage, sai rubutu ya fito. In wayarka tana Faransanci, nemi layin rubutun da ya fara da T babba: Télécharger l'image. Ma'anarsa sauke hoton. Danna shi.

Mu sake. Dangwala. Jira. Riƙe. Sauke. Jiran nan shi ne ake tsallakewa. Inna, na san yatsa yana gaggawa, amma ki ƙirga daga ɗaya zuwa goma a zuciyarki kafin ki riƙe. Idan kin ƙirga hoton bai washe ba, ki sake ƙirgawa.

Bayan ka sauke, je wurin da hotunanka suke, Galerie. Buɗe hoton, danna ɗigo uku da ke kusurwa, ka zaɓi Détails. A wata wayar ƙaramin harafin i ne cikin da'ira. Za ka ga lambobi biyu da alamar "sau" a tsakaninsu. Gwada su da na bayan littafinka. In ka ga 200 ko 300, samfurin ka sauke. Ba komai, goge shi, koma baya: dangwala, jira, riƙe, sauke, duba lamba. In ka jira kuma lambar ta fito ƙarama duk da haka, to hoton dama ƙarami ne, nemi wani.

Sai maganar ɗaukar hoton allo, wato danna maɓallin kashewa tare da na rage murya. Haba jama'a! Na faɗa, na maimaita, amma duk mako sai wani ya zo da hoto mai agogo da alamar batir a samansa, yana cewa mai bugawa ya cuce shi. Bai cuce ka ba. Abin da allon wayarka ya nuna kaɗai ka ɗauka, ka bar ainihin hoton a can. Kuɗin da ka biya aka buga maka allo mai fuska a dame, wa ya jawo? Ku daina. Wanda ya iya sayen mega ya iya jiran ƙirga goma.

Aiki: kowa ya sauke hoto uku, ya rubuta lambobin kowanne. Dangwala, jira, riƙe, sauke, duba lamba.

Darasi na 3

Yawancin hotunan da ke hannunku ta WhatsApp suka zo, daga ɗa a Agadez ko ƙanwa a Kano. WhatsApp yana matse hoto don ya tafi da sauri, Facebook ma haka. Hoton da ake gani a goshin lambar mutum ya fi duka ƙanƙanta, kada ka dogara da shi. In dai wanda ya ɗauki hoton yana nan, kira shi ya turo na asali, wannan ya fi duk wata dabara.

Ka gaya masa: ya buɗe hirarku, ya danna alamar ƙarfen maƙale takarda, ya zaɓi Document, ba Galerie ba, sannan ya nemo hoton. Zai iso yadda aka ɗauke shi. Zai ci mega fiye da na kullum, amma ya cancanta. Tun 2023 akwai kuma ɗan maɓallin HD da ake dannawa kafin a tura. Ya fi turawar kullum kyau, sai dai bai kai Document ba. Idan ya iso, buɗe Détails, duba lamba.

Darasi na 4

Wani lokaci na asalin ya ɓata. Mai hoton ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƙaramin nan kaɗai ya rage. A nan ake komawa ga manhajojin ƙara girma, kamar Remini a waya, ko Upscayl a kwamfuta, wadda kyauta ce.

Sa hoton, in akwai zaɓin girma ka zaɓi x2, wato ninki biyu, jira, ajiye. Kada ka goge na farkon. Ka sani cewa in an ninka faɗi da tsawo, ɗigogin sun zama ninki huɗu, uku daga kowane huɗu kuwa manhajar ce ta yi hasashensu. Shi ya sa takan gyara hanci, ta shafe tsagar fuska, ta rikita rubutu. Ajiye biyun gefe da gefe ka duba idanu da haƙora. In kamannin sun canza, na farkon ya fi, a wanke shi ƙarami.

Kada a yi wannan da hoton katin ɗan ƙasa, a je a ɗauki sabo. Remini tana tura hoton ta intanet kafin ta gyara, don haka ba a sa hoton matar wani ko ƴar wani sai da izini.

Darasi na 5

Wajen mai bugawa, faɗa masa lambobin hotonka kafin ka biya. Ka ce ya nuna maka a kwamfuta a girman da zai fita. Allon shago da ake hange daga nesa ba ya buƙatar ɗigo 300 a kowane inci.

Darasi na 6

Goge gilashin kyamararka da gefen riga, ka ɗauki hoto a waje da safe. Duba lambarsa, ka kawo mako mai zuwa.