Yadda malamin gona da masanin ƙididdiga za su tsara gwajin masakwa tare

A filayen karal (ƙasar laka mai riƙe ruwa) na Diamare, kewayen Marwa a arewacin Kamaru, ana dasa masakwa, wato dawar rani, ne idan ruwa ya ɗauke, wajen Satumba zuwa Oktoba, a girbe a Janairu ko Fabrairu. Sau ɗaya ke nan a shekara. Wanda ya tsara gwajinsa a karkace, sai baɗi. Duk da haka, malaman gona da yawa ba sa neman masanin ƙididdiga sai hatsi ya shiga buhu, su dire masa takardu su ce ya fitar da sakamako. A lokacin ba abin da zai iya gyarawa. Tun ran gini ran zane.

Da farko, kai malamin gona ku zauna da masanin ƙididdiga tun watan Agusta, lokacin da ake yafa irin dashe. Masanan ba su yi ƙarancin da ake zato ba: akwai ofisoshin INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na yanki a Marwa da Garwa, akwai malaman lissafi a Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ga kuma ɗaliban da ISSEA, makarantar ƙididdiga ta Yawunde, ke yayewa. A zaman farko kada a taɓa kwamfuta. Shi ya tambaye ka: wace shawara za a yanke da sakamakon nan? Kai kuma ka faɗa masa bambancin da zai sa manomi ya sauya iri. Idan irin masakwa na safrari ya ɗara na majeri da 'yan kwanuka a kar guda, wato rubu'in kadada, ba wanda zai bar irin gidansu saboda wannan. Idan buhu ne, magana ta canza. Daga wannan amsar zai lissafa yawan filayen da ake bukata. Kafin ku tashi, ya maimaita maka bukatarka da bakinsa, ka ji ko ya gane.

Na biyu, ka kai shi fili ya taka da ƙafarsa. Wannan matakin ake yawan tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran nauyi. Masakwa ba ruwan sama take sha ba, damshin da laka ta riƙe ne abincinta. Kwarin da ruwa ya daɗe a kwance da tudun da ya tsage da wuri ba za su ba da amfani ɗaya ba, ko da iri ɗaya ka dasa. Kai ka san haka, shi bai sani ba. Idan ya gani, zai raba filin rukuni-rukuni, kwari daban, tudu daban, ya tabbatar kowane iri ya faɗa cikin kowane rukuni. Ka nuna masa gefen da ke kusa da itatuwa, inda jan baki ke sauka, da inda shanu ke ratsawa. Ka kuma gaida jauro, wato mai unguwa, da masu gonaki tare da shi, domin su za su tsare tutocin da kuka kafa.

Na uku, ƙuri'a. A rubuta sunan kowane iri a 'yar takarda, a zuba a hula, yaro ya zaro. Kada ka zaɓa da kanka, don hannu yakan kai sabon iri wuri mai kyau ba tare da mutum ya nufa ba. Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma har yau a kanta gwajin gona yake tafiya.

Na huɗu, gardamar da kusan ba a rasa ta. Za ka ce ka auna zangarniya 100 a fili ɗaya, ai ya isa. Zai ce maka wannan fili ɗaya ne, ba ɗari ba, tunda duk ƙasa ɗaya suka sha. Ka yarda da shi a nan. Ƙananan filaye a gonaki da dama sun fi babban fili guda. Amma idan ya nemi filayen da ba ku da ma'aikatan dasawa kafin laka ta bushe, shi ne zai sassauta.

Na biyar, ma'auni. Kwanon Marwa da koron Njamena ba ɗaya ba ne, kuma tsakanin cikon baki da tozo akwai tazara. Ku sayi sikeli, a auna da kilo bayan hatsi ya bushe, a auna faɗin fili da igiyar awo.

Wajen rubutawa, layi ɗaya fili ɗaya, a Excel ko a waya da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. Ku tsai da magana kan waƙafi da ɗigo: Excel na Faransanci yana rubuta 2,5, na Ingilishi 2.5, kuma idan aka gauraya su, shirin lissafi irin su R zai ɗauki lambar a matsayin rubutu. Filin da tsuntsu ya cinye tas a sa masa sifili da bayani a gefe, wanda ba a auna ba a bar gurbinsa. Ka tura masa awon makon farko ya duba, kada ka tara sai ƙarshe.

Ranar nazari ku zauna gaban kwamfuta ɗaya. Zai ga lambar da ta fita daban ya yi niyyar cire ta, kai kuma ka tuna a filin nan aka sake dashe bayan fara ta ci na farko. Shi zai faɗi iyakar abin da alƙaluman suka tabbatar, kai ka mayar da shi buhu da sefa yadda manomi zai ji.

Maganar kuɗin mai, da ladan aikinsa, da sa sunansa a rahoto, a rubuta ta tun zaman Agusta, kowa ya sa hannu.