Yadda Ake Cire Hazo Daga Fentin Baƙar Mota

Mai baƙar mota ko shuɗiya mai duhu a Kumasi ya san wannan matsala: an wanke ta tas, ta bushe, amma rana na haska bonet sai ka ga wani fari-fari ya kwanta a kai. Yawancin samarin da nake gani a wuraren wankin mota na Aboabo da Asawase, da zarar sun ga haka sai su ɗauko kwamfawun, wato man goge fenti mai kaushi, su hau dirza. Washegari mota ta fi jiya dusashewa.

Fara da gane irin hazon. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne, kuma a can sama akwai wata fata marar launi, ita ce ke ba da ƙyalli. Kaurinta bai kai na takardar littafi ba, kuma duk gogewar da ka yi, daga jikinta kake ragewa. Zuba ruwa a wurin. Idan ya koma baƙi wuluk yana jiƙe, to matsalar a sama take, za ta gyaru. Idan kuwa fatar ta fara ɓarewa, ta yi farare-farare a rufi da bonet kamar yadda ake gani a tsofaffin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, kada ka ɓata kuɗinka a kan man gogewa. Kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a sake feshi. Haka ma motar da aka fesa cikin damina ta fito fari-fari: danshi ne ya shiga aikin, mayar wa mai fenti kayansa.

Sai wanki. Ban yarda da Omo a jikin baƙar mota ba, nemi sabulun mota. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka bari kowa ya share ƙura da busasshen tsumma, domin wannan sharar ce ke jawo ƙananan zane-zanen da ke taruwa su zama hazo. Bayan ta bushe, sa hannu cikin leda ka shafa jikin. In ka ji kaushi, bi ta da yumɓun goge fenti tare da ruwan sabulu har ta yi santsi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Shigar da mota inuwa, ka jira ƙarfen ya huce. Baƙin fenti yana ɗaukar zafi sosai, man da ka shafa a kansa zai bushe nan take ya manne. Zaɓi ɗan wuri a bonet, kamu biyu tsawo, kamu biyu faɗi, ka kewaye shi da salatif na takarda. A nan za ka yi gwaji kafin ka taɓa sauran motar.

Fara da folish mai laushi da soso mai laushi. Ɗigo uku ko huɗu sun isa. Tafi a hankali, sama da ƙasa, sannan hagu da dama, ba tare da danna injin gogewa da ƙarfi ba. Sau da yawa wannan kaɗai ke kawar da hazon. Sai in bai yi ba ne za ka koma ga kwamfawun. Kuma abin da nake so kowa ya riƙe ke nan: kwamfawun yana cire manyan zane ne ta hanyar barin nasa ƙanana. A farar mota ba za ka gansu ba, a baƙa kuwa su ne hazon da kansa. Saboda haka duk inda kwamfawun ya bi, dole folish mai laushi ya biyo baya da wani soso daban mai tsabta. Masu tsallake wannan mataki su ne ke cewa man jabu ne.

Injin da ke juyawa yana karkarwa a lokaci guda shi ne na sabon hannu. Wanda ke juyawa wuri ɗaya, irin na masu fenti, yana barin layukan da ke walƙiya a rana, kuma yana cinye fenti a gefen ƙofa cikin ƙiftawar ido. Injin yana da tsada, gaskiya ne, amma mutum biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su saya. Da hannu ma ana yi, sai dai kafaɗa za ta ji a jikinta.

Kada ka yarda da ƙyallin farko. Maiƙon folish yana cike zane ya ɓoye shi. Goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa sosai, da kyalle mai laushi na maikurofaiba, sannan ka haska tocilar waya daga gefe. In baƙin ya fito garau, ci gaba da sauran motar sashe-sashe, kana tsabtace soso bayan kowane sashe.

A ƙarshe shafa waks siriri, in ya yi kauri shi ma hazo yake bari. Jira ya ɗan bushe, share da sabon kyalle. Maimaita waks ɗin duk bayan wata biyu ko uku, kuma in da hali nema mata rumfa.