Yadda Ake Lissafin Riba a Sarin PlayStation da Xbox

Ƙanen matata ya gama bautar ƙasa, ya zo shagona a Wuse 2, Abuja, da 'yan kuɗin da ya tara. Ya ce, "Yaya, ni ma gem zan fara sayarwa. Na ga PS5 guda ɗaya ta haura naira 800,000, ai ko biyu na sayar a mako na warke." Na jawo masa kujera, na ɗauko kalkuleta. Abin da na nuna masa ranar shi nake son kai ma ka gani kafin ka zuba jarinka, don na sha ganin samari sun shigo harkar nan da zafinsu, wata shida a tsakani sun koma gida da kwalaye babu kuɗi.

Fara da sanin cewa su kansu masu ƙera injin ba a jikinsa suke cin abinci ba. Sony ta fito da PS5, wato PlayStation 5, a watan Nuwamban 2020 a kan dala 499 mai cin faifai, dala 399 wadda ba ta ci, kuma sai a 2021 kamfanin ya sanar cewa mai faifan ta daina ja masa asara. A shekarar ce kuma, a shari'ar Epic Games da Apple a Amurka, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa ba su taɓa cin riba a kan injin Xbox shi kansa ba. Kuɗinsu yana cikin wasannin: kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya a kantinsu na intanet, da kuɗin rajistar da masu buga wasa ke biya. To wanda ya ƙera abu bai ci riba a kai ba, me kake zaton zai bar wa dila? Dilan kuma me zai bar maka? Shi ya sa farashin sari da na kanti suke kusan manne da juna, ba kamar atamfa ko takalmi ba.

Mu nan kayan ta hanya biyu suke iso mana galibi: ko daga Dubai ta jirgin kaya, ko daga manyan dilolin Legas na Alaba da Computer Village a Ikeja. Sabon shiga ya fara da Legas. Zai ɗan fi tsada, amma an riga an sallami kwastan, kuma in ka samu matsala akwai wanda za ka kira.

Ga lissafin da na yi wa yaron, a matsayin misali kawai, kai ka sa alƙaluman ranar da za ka yi sari. Mu ɗauka ka samu injin a dala 520, 'yan canjin Zone 4 kuma suna ba da dala a naira 1,500. Ka ga naira 780,000 ke nan. Ɗora dako da kuɗin fito da na mota zuwa Abuja, mu ce 40,000. Sai abin da kowa ke mantawa: hayar shago, man janareto, albashin yaron shago, cajin POS. Raba su a kan kayan da kake sayarwa a wata, mu ce injin nan ya ɗauki 10,000. Ya tsaya maka a 830,000. Maƙwabcinka a rukunin shagunan Banex yana sallamawa a 860,000, mai saye kuma ya zagaya shago biyar kafin ya iso wurinka, don haka ba ka isa ka haura haka ba. Ribarka 30,000, ƙasa da kashi 4 cikin 100.

Yanzu ka duba da kyau. Idan kafin ka koma sari dala ta ƙaru da naira 50 kacal, 50 sau 520 ya ba ka 26,000. Ribar da ta rage a hannunka 4,000 ce. Ko kuɗin abincin mako ba ta kai ba.

A nan ne na taɓa ƙonewa, kuma har yau ina jin ciwon abin. A watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ina da PS5 guda shida a shago. Ciniki ya buɗe, ina ta sallamawa a tsohon farashi da 'yar ribata a kai, ina murna kaya na tafiya. Canji ya yi ta hawa a watannin da suka biyo baya, ni kuma na yi nawar komawa sari. Da na tashi, kuɗin shida huɗu suka sayo mini. A littafi na ci riba, a kan kantar shago kuwa injina biyu sun ɓace. Tun daga ranar ba na duba nawa na sayo kaya idan zan yanka farashi. Nawa zan sake sayo irinsa yau, shi nake dubawa. Kullum da safe kafin in ɗaga ƙofar shago sai na tambayi canji, in dala ta motsa farashina ya motsa. Kuma da zarar na sayar, a ranar nake tura wa dila kuɗin na gaba, ba na barin naira ta kwana.

Kada kuma ka dogara da tsohuwar al'adar cewa inji yana araha idan ya tsufa. Wannan zamanin ya karya ta. A Agustan 2025 Sony ta ƙara dala 50 a kan kowace PS5 a Amurka, shekara kusan biyar da fitowarta, Microsoft ma ta ƙara kuɗin Xbox a shekarar.

To ina ribar take? Tana gefen injin. Wanda ya ƙirga maka 860,000 ba zai tafi da fad (abin da ake riƙewa a buga wasan) guda ɗaya ba, don ƙwallo mutum biyu ke buga ta. Fad na biyu, faifan wasan ƙwallo na FC, abin cajin fad, wayar HDMI mai haɗa inji da talabijin, sitabilaiza saboda halin wutarmu, a kan waɗannan ba a cika ja-in-ja ba, kuma jarinsu kaɗan ne, juyawarsu da sauri. Sau da yawa abin da na samu a kan fad da faifai biyu ya fi abin da injin ya bar mini. Ka tanadi faifan ƙwallo a ƙarshen Satumba, lokacin da sabon FC ke fitowa kowace shekara, amma kada ka cika shago da shi. Na bana in ya kai baɗi ya zama kwantai. Akwai kuma katin zuba kuɗi a asusun gem, tunda yawancin masu wasa a nan da asusun Amurka ko na Ingila suke amfani. Ka tambayi mutum ƙasar asusunsa kafin ka ba shi, katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila.

Na hannu ya fi kowanne riba, ya kuma fi kowanne haɗari. PS4 tun 2013 take, amma masu gidajen gem a Nyanya da Kubwa har gobe suna nemanta, don da kuɗin PS5 ɗaya za su jera da dama. Idan an kawo maka, kada ka biya sai ka jona ta a talabijin ɗinka. Bar ta ta yi minti 30 tana wasa, ka kasa kunne ga fankarta, in tana ƙugi kamar injin niƙa to ƙura ta cika ta ko tana zafi. Saka faifai ka fitar sau uku. Girgiza wayar HDMI a bakin raminta ka ga ko hoto zai ɗauke. Ajiye fad a kan tebur ba tare da ka taɓa shi ba, in ɗan wasa ya fara tafiya da kansa, sandar ta lalace. Haɗa ta da intanet ka tabbatar kamfani bai toshe ta ba. Sannan ka nemi rasit, ka rubuta lambar jikinta da bayanin wanda ya kawo. Kayan sata na yawo, kuma ranar da aka biyo sawu shagonka za a tsaya.

Sabo ma a duba shi. An taɓa aiko mini da inji a kwali mai sheƙi, na buɗe na tarar lambar jikinsa daban da ta kwalin, tsoho ne aka goge aka mayar. Haka kuma in wani ya yi maka tayin Switch 2, injin gem na kamfanin Nintendo, da arha mai ban mamaki, tambaye shi ko ta Japan ce. Nintendo ta fitar da wata a can a kan yen 49,980, wadda harshen Japananci kaɗai take yi, alhali ta Amurka a kan dala 449.99 ta fito a 2025. Ba wanda zai saye ta a hannunka a Abuja.

Bashi kuwa, a kan inji ba na bayarwa, ko ga ɗan'uwa. Ribar 30,000 ba ta iya ɗaukar jiran wata guda.

Ƙanen nawa ya yi shiru yana kallon kalkuletar, can ya ce, "To Yaya, da me zan fara?" Na ce ya sayi PS4 na hannu guda biyu masu lafiya, fad goma, da faifan ƙwallo, ya ajiye sulusin kuɗinsa kada ya taɓa. PS5 kuma in mai saye ya zo ya karɓi kafin alƙalami, ya zo wurina ya ɗauka, mu raba abin da ya hau. Na ware masa gefen kanta ɗaya, ranar Litinin ya fara fitowa.