Yadda za ka gano abin da ya sa rumbun bayanai nauyi idan kamfani ya yi shiru

A wani siton shinkafa da ke Birnin Kebbi, rasit ɗin da a da yake fita kafin mai saye ya gama ƙirga kuɗinsa ya koma cin kusan minti guda, tun ranar da aka sabunta Linux, wato tsarin da ke tafiyar da babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan ciniki. Sau uku muka rubuta wa kamfanin da ya sayar da manhajar, shiru kake ji, 'yan dako kuwa na zaune a kan buhuna suna jira.

Idan haka ta same ka, kafin ka taɓa komai ka kwafe bayanan duka zuwa wani faifai dabam. Daga nan ka auna nauyin. A MySQL, manhajar rumbun bayanan, ka kunna slow_query_log, wato rajistar tambayoyin da rumbun ya daɗe kafin ya amsa, ka rage long_query_time daga daƙiƙa 10 da ya zo da su zuwa 1, ka bar shi ya yi yinin ciniki guda. Tambayar da ta fi yawan fitowa, ka sa mata EXPLAIN a gaba, domin ka ga ko dukkan layukan tebur take bi.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne ka ɗora kwafin a wata kwamfuta mai tsohon Linux, ka maimaita wannan tambayar. Idan ta yi sauri a can, to mai yiwuwa laifin yana wajen sabon tsarin. Sai ka duba /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled. Wannan fayil ne ke nuna ko an kunna dabarar Transparent Huge Pages, wadda ta shigo Linux a 2011; tana haɗa ƙananan shafukan ƙwaƙwalwa masu kilobait 4 su zama manya masu megabait 2, kuma aikin haɗawar kan tsayar da rumbun na ɗan lokaci, shi ya sa kamfanin manhajar rumbun bayanai na Oracle ya ba da shawarar kashe ta ga masu amfani da Oracle Database. Idan an zaɓi always, ka mayar da shi never, ka sake aunawa. Saitin yana gogewa da zarar kwamfuta ta mutu, a nan kuwa ɗauke wuta abin kullum ne, don haka ka sa ya riƙa tashi tare da ita. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda.

Wasiƙarka ta gaba ga kamfanin ta ƙunshi sakamakon uname -r (umarnin da ke nuna sigar Linux), sigar MySQL, lokutan da ka auna a kwamfutocin biyu, da wa'adin amsa da ke cikin yarjejeniyarku. Ka cire sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu kafin ka aika.