Babi na 6: Jijiyoyin Kai 12 da Duba Wanda Bakinsa Ya Karkace

Ƴan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Kada gabanku ya faɗi don kun ga sunan babin nan. Wanda ya iya babin da ya wuce zai iya wannan. A karanta sannu a hankali, yatsa bisa layi.

Darasi na 1: Wace jijiya?

A bakin Bahaushe, wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke gagarar haƙori cikin tsire ita ma jijiya ce. Wadda muke nufi a nan ba ta ɗaukar jini. Farin zare ce mai kai saƙo, kamar wayar wuta. Yawancin irinta daga lakar baya suke fitowa, amma akwai 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, su bi ta ƴan ramuka a gindin ƙoƙon kai. Kowace tagwaye ce, ɗaya dama ɗaya hagu, ke nan 24. Da su muke gani, muke ji, muke sansana, muke haɗiya, muke murmushi.

Likitoci sun ba su lamba daga 1 zuwa 12. In kun ga VII a takardar asibiti, ba kalma ba ce, kada ku wahala wajen haɗa baƙi. Lamba 7 ce da rubutun Rumawa.

Darasi na 2: Dama da hagu

Zaunar da mutum inda akwai haske, ka zauna gabansa. Damarsa tana saitin hagunka. Abin da za ka rubuta damarsa ce, ba taka ba. In ka rikice, taɓa hannun da yake cin tuwo da shi, ka ce: wannan ce dama.

Darasi na 3: Jijiya ta 7, mai motsa fuska

Nan ne zuciyar babin. Mutum ya kwana lafiya a tsakar gida lokacin hunturu, ya tashi baki ya koma gefe, in ya kurɓi koko ya zubo. A nan Tawa za ka ji an ce iska ta buge shi, wasu su ce aljani ya mare shi. Likitocinmu ma da suka yi karatu da Faransanci, sunan da suke ba ɗaya daga cikin ciwon yana nufin "na sanyi". Sai dai karkacewar baki iri 2 ce. Ɗaya ciwon jijiyar ce kawai. Ɗaya shanyewar ɓarin jiki ce da ta taso daga ƙwaƙwalwa, tana kuma kisa. Abin da ke taimaka maka ka rarrabe su, goshi ne.

Ka gaishe shi, ka nemi izini. Sannan ka ce: "Baba, ɗaga mini girarka sama, kamar ka ga abin mamaki." Kai ma ka yi ya gani, babu kunya. Yanzu dubi goshi. Ba baki ba, goshi.

In goshin ya tattare gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tsaya sumul kamar bayan ƙwarya, idon wannan gefen kuma ya ƙi rufuwa, to galibi jijiyar ce ta kumbura a hanyarta ta bayan kunne. Wani likita ɗan Sikotilan, Charles Bell, ya yi bayanin jijiyar a 1821, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Yawancin masu shi suna warkewa cikin makonni ko ƴan watanni. A je likita kafin kwana 3 su cika, don maganin rage kumburin ya fi aiki cikin awa 72. A kuma kāre idon daga ƙura, tunda ba ya ƙiftawa.

In goshin ya tattare duka gefe biyu, ido na rufuwa, baki kaɗai ya faɗi, wannan ne mai hatsari. Dalili: goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, baki kuwa daga ɗaya. In ɓangare ɗaya ya samu matsala, ɗayan ya riƙe goshi, baki ya rasa mai riƙe shi.

Sake karanta sakin layin nan na sama. Na jira ku.

Darasi na 4: Goshi kuma

Na san abin da ke rikita ku, ba laifinku ba ne. Fuskar da ta fi muni ita ce ciwon da ya fi sauƙi, wadda ta fi kyan gani ita ce mai gaggawa. Hankali ba ya son karɓar haka da farko. Ku faɗa da baki sau 3: goshi na motsi duka, baki ya faɗi, a ruga asibiti.

Ranar da muka gwada a aji, mutum biyu-biyu, kusan kowa bakin abokinsa ya zuba wa ido. Wata baiwar Allah daga cikinku, wadda ta fi kowa kyan rubutu, ta ce: "Malam, ai goshinsa lafiya lau, ke nan da sauƙi." A'a, Hajiya. Lafiyar goshin ita ce ƙararrawar. Dubi goshi tukuna, sannan ki yanke.

Bayan goshi sai sauran: ya runtse ido da ƙarfi, ya washe haƙora, ya cika kumatu da iska. Baki yana jawuwa zuwa gefen mai lafiya, don shi ke da ƙarfin ja. Gefen da ya zube shi ne maras lafiya. Sa shi ya miƙa hannu biyu gaba, ka ga ko ɗaya zai sauka. Sa shi ya faɗi sunan unguwarsu, ka ji ko harshe ya yi nauyi. In hannu ya sauka ko magana ta harɗe, ko yaya goshi yake, asibiti yanzu. Rubuta ƙarfe nawa abin ya fara, likita zai tambaya. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, yana iya shaƙewa. Mai hawan jini da mai ciwon sukari sun fi shiga wannan hatsari.

Zan faɗa muku gaskiya, na gaji da jin "bari a shafa masa man shanu a ga zuwa gobe". Addu'a muna yinta, a yi ta cikin mota ana tafiya. Kun zo ajin nan da zafin rana kun koyi karatu, ba don ku zauna kuna kallon maƙwabci har gobe ba. Kuma aikinku ganewa da kaiwa ne. Ban ce kowa ya zama likita ya fara ba da ƙwaya ba.

Me za a fara dubawa? Goshi. Madalla.

Darasi na 5: Ido (2, 3, 4, 6)

Ta 2 ke gani. Rufe masa ido ɗaya, ya ƙirga yatsunka. Haska fitilar salula a ido ɗaya: baƙin ɗigon tsakiya ya tsuke a ido biyun duka. Ta 3, ta 4 da ta 6 ke juya ido. Ya bi yatsanka sama, ƙasa, dama, hagu, kai a tsaye. Tambaye shi ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Fatar ido da ta sauko ta rufe ido alamar ta 3 ce.

Darasi na 6: Ta 1, ta 5, ta 8

Ta 1 sansana. Ya rufe ido, ka kai masa kanumfari ko sabulu, hanci ɗaya-ɗaya. Ban da albasa, ko ta Galmi ce, don yajinta wata jijiyar yake tadawa. Ta 5 jin taɓi a fuska da tauna: shafa kaɗa a goshi, kunci, haɓa, gefe biyu. Ta 8 ji da daidaiton tsayuwa. Murza yatsu kusa da kunne. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a duba masa ji.

Darasi na 7: Sauran

Ta 9 da ta 10, haɗiya da murya. Ya ce "aaa", ka dubi beli. Wanda wanzami ya cire wa, dubi ganɗa ko tana ɗagawa daidai. Ta 11, ya ɗaga kafaɗu. Ta 12, ya fito da harshe, yana karkata zuwa gefen da ya raunana.

Aikin gida: zana fuska 2, ɗaya goshi ya tattare duka, ɗaya rabi. Rubuta ƙarƙashin kowace abin da za ka yi. Lahadi kasuwa ce, a kawo ranar Litinin.