Yadda jami'in hasumiya zai taimaki jirgin da injinsa ya mutu a sama

Duk wanda ya zauna gaban rediyo a hasumiyar filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, ko a ɗakin da ake bibiyar jiragen da ke ratsa sararin samaniyar Nijar, ya san cewa akwai kalma ɗaya da in ta shigo kunne sai kowa ya gyara zama. Kalmar ita ce Mayday, wadda matuƙi ke maimaitawa sau uku, kuma asalinta daga Faransanci ne, ma'anarta a taimake ni. Idan matsalar ba ta kai ga barazana ga rai nan take ba, matuƙin zai ce Pan-Pan, shi ma sau uku. Wannan bayani na matasa ne masu shirin shiga aikin, irin waɗanda hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, ke horarwa a makarantarta ta koyon aikin jiragen sama, wato EAMAC, ta nan Yamai, da kuma fasinjan da ke son sanin abin da ake yi dominsa a ƙasa.

Abu na farko shi ne ka amsa kiran, ka maimaita abin da ka ji a taƙaice domin matuƙin ya tabbata saƙonsa ya iso, sannan ka yi shiru. Nan ne sababbin jami'ai suka fi tuntuɓe. A lokacin da nake koyon aikin, a wani atisaye na na'urar kwaikwayo, na jera wa matuƙi tambayoyi huɗu cikin numfashi ɗaya, sai malaminmu ya tsayar da atisayen ya tambaye ni da wane hannu nake so mutumin ya amsa mini. Gaskiyarsa ne. A daƙiƙun farko ɗaya daga cikin matuƙan na danne da feda domin kada injin da ya rage ya karkatar da hancin jirgin, ɗayan kuma yana bin takardar matakai layi bayan layi domin gano injin da ya lalace kafin a rufe masa mai. An koya musu su fara riƙe jirgi, sannan su san inda suka dosa, magana ta zo daga ƙarshe. Gaggawa a wannan gaɓa tana kashe mutane, domin a watan Janairun 1989, kusa da Kegworth a Ingila, matuƙan wani Boeing 737 sun kashe injin da ke da lafiya maimakon wanda ya lalace, mutum 47 suka rasu. Saboda haka idan matuƙi ya ce ka dakata, ka dakata.

Shirun da ka yi masa ba zaman banza ba ne, domin a lokacin ne za ka share masa hanya. Jirgi mai inji biyu da ya rasa ɗaya yana tsakiyar tafiya ba zai iya riƙe tsayin da yake kai ba, dole ya riƙa sauka sannu a hankali zuwa inda iska ta fi kauri, don haka ka kawar da duk jirgin da ke ƙarƙashinsa tun kafin ya nemi izini. Idan kuwa a wajen tashi abin ya faru, kada ka ɗauka zai bi hanyar fita da ka ba shi, domin kamfanoni suna da tasu hanyar ta ranar da inji ya mutu, kuma sau da yawa zai miƙe kai tsaye har sai ya sami tsayi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, iska ba ta da nauyi, jirgi mai cike da kaya yana hawa ne da ƙyar, kwanarsa kuma tana faɗi fiye da yadda ka saba gani. Ka dakatar da masu jiran tashi, ka sa masu shigowa su yi shawagi nesa, ka umurci sauran jirage su daina magana a tashar rediyon, ko ka mayar da su wata tasha ka bar masa wannan shi kaɗai. Kada ka sa shi ya canza tasha sai dole. Idan ya sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna shi a rada, alamar za ta fito ga duk jami'in da ke ganin sa, in kuma muryarsa ta ɓace, a neme shi a tashar gaggawa ta 121.5.

Da ka ji ya sami sarari, sai ka tambaye shi abin da yake niyyar yi, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Bayan nan ka nemi adadin mutanen da ke ciki, da sauran man da yake da shi a lissafin awa da minti, da kuma ko yana ɗauke da kaya masu haɗari. Waɗannan ba don cika takarda ake tambayarsu ba. Ƴan kwana-kwana na filin jirgi suna bukatar sanin mutum nawa za su ƙirga idan an fito da fasinjoji, da irin wutar da za su tarar. Kai ba ka barin rediyo, abokin zamanka ne zai ɗauki waya ya sanar da shugaban aiki, da ƴan kwana-kwana, da motocin asibiti, da jami'an yankin da ke maƙwabtaka idan jirgin zai ƙetara zuwa wajensu.

Zaɓin filin sauka na kyaftin ne, amma kai ne za ka ajiye masa zaɓin a gabansa, kuma a ƙasa mai faɗi irin tamu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgin da ke ratsa hamada zuwa Turai yana iya samun kansa da nisan ɗaruruwan kilomita daga kowane titin saukar jirgi da zai ɗauke shi. Ya kamata tun kafin ka karɓi aiki ka san halin da Agadas, Damagaram, Maraɗi da Tawa suke ciki a ranar, har da Wagadugu da Kano: tsawon titi, ko fitilu na aiki, ƙarfin motocin kashe gobara, da nisan da ido ke iya gani, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe gari. Ka faɗa masa alƙibla da nisa da lambar titi, ba tare da dogon sharhi ba. Idan duka injunan suka mutu, tsayi shi ne kaɗai jarinsa. A 2001 wani Airbus A330 na Air Transat da mansa ya ƙare ya yi ta tafiya a iska ba inji kusan kilomita 120 har ya sauka a tsibiran Azores da mutum 306 a raye. A ranar 15 ga Janairun 2009 kuwa, da tsuntsaye suka kashe injuna biyu na jirgin Kyaftin Chesley Sullenberger jim kaɗan bayan tashi daga New York, jami'in rada Patrick Harten ya miƙa masa titin filin jirgin LaGuardia, kyaftin ya ce ba zai kai ba, Harten ya miƙa masa na filin Teterboro, shi ma ya gagara, har ya sauka a kogin Hudson da mutum 155, babu wanda ya rasu. Abin lura a muryar Harten shi ne bai yi gardama ko sau ɗaya ba, da an ƙi wannan sai ya kawo wancan.

Wani lokaci jirgin ya yi nauyin da bai dace ya sauka da shi ba. Manyan jirage masu dogon zango suna iya zubar da mai a sama, sai ka kai shi inda babu gari, a tsayin da bai gaza ƙafa 6,000 ba, ka nisantar da sauran jirage daga bayansa da ƙarƙashinsa. Irin su Boeing 737 da Airbus A320 ba su da wannan na'ura, ko dai su yi shawagi su ƙona man, ko su sauka da nauyinsu. Idan akwai wuta, babu maganar jira.

Ka ba shi doguwar hanyar shigowa madaidaiciya idan ya nema, ka bar titin fayau tun da wuri, domin sake tashi da inji ɗaya bayan an kusa taɓa ƙasa abu ne da ba a so. Bayan ya tsaya, birkinsa na iya yin zafin da zai kama wuta, saboda haka ka haɗa shi da shugaban ƴan kwana-kwana, kada ka matsa masa ya bar titi. Kafin wani jirgi ya tashi ko ya sauka, a aika mota ta bi titin daga farko zuwa ƙarshe tana neman gutsattsarin ƙarfe, malalar mai ko gawar tsuntsu. Sannan ka rubuta lokutan da komai ya faru tun kana tune da su, a adana naɗin muryoyin domin masu bincike, shugaban aiki kuma ya sa wani ya karɓe ka a kujerar ko da kana jin babu abin da ya same ka.